Manhajar albashin Kanada: an ga alamun rushewa tun da wuri, aka ƙi tsayawa

A watan Fabrairun 2016 gwamnatin tarayyar Kanada ta fara aiki da wata sabuwar manhajar biyan albashi mai suna Phoenix. Zuwa watan Yuli, kimanin ma'aikata 80,000 sun shiga matsala. Wasu an rage musu albashi, wasu an biya su fiye da haƙƙinsu daga baya aka ce su maido, wasu kuwa sun yi makonni ba su ga ko sisi ba, ga kuɗin haya da bashin banki suna jira.

Ƙasa ce mai arziki da ƙwararru, kuma kamfanin IBM ne aka bai wa kwangilar a 2011. To, ina aka kwana? Rahoton da babban mai binciken kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, ya fitar a 2018 ya nuna cewa ba dare ɗaya Allah ya yi bature ba. Alamun sun bayyana tun ana tsakiyar aiki.

Tun wajen kuɗi aka fara kuskure. IBM ya ƙiyasta cewa aikin zai ci dalar Kanada miliyan 274, alhali abin da aka amince a kashe bai wuce miliyan 155 ba. Maimakon shugabannin aikin su koma su nemi ƙari, sai suka shiga datse aikin don ya dace da aljihu. Aka cire ayyuka sama da 100 daga cikin abin da manhajar za ta riƙa yi, aka kuma rage gwaji. Masu harkar kwamfuta sun san wannan alama: idan kuɗi da ranar ƙaddamarwa suka zama abin da ba a taɓawa, to ingancin aikin ne zai biya diyya.

Kuma albashin gwamnatin Kanada ba abu ne mai sauƙi ba. A lokacin, ma'aikata kusan 290,000 ne a hukumomi 101, da dokokin biyan kuɗi sama da 80,000 da suka samo asali daga yarjejeniyoyin ƙungiyoyin ƙwadago. Mai aikin dare, mai riƙon muƙami na wucin gadi, mai hutun haihuwa, kowa da nasa lissafin. Duk abin da aka cire daga manhajar bai ɓace ba, ya koma kan mutane su yi shi da hannu.

Su kuma mutanen babu su. An soke ɗaruruwan guraben tsofaffin jami'an albashi, waɗanda suka san sirrin tsohon tsarin mai shekara 40, aka tattara aikin a wata sabuwar cibiya da ke garin Miramichi a lardin New Brunswick, inda da yawa daga cikin ma'aikatan sababbin hannu ne. An yi haka ne da fatan tsimin dala miliyan 70 a kowace shekara. Wato an zubar da ruwan tulu saboda an hango hadari.

Alamar da ta fi kowacce tsanani ita ce soke gwajin farko. An tsara a fara gwada Phoenix a hukuma guda, a ga inda take tuntuɓe kafin a yaɗa ta. A 2015 aka soke wannan gwaji. Sannan ba a tanadi wata hanya mai ƙwari ta komawa baya ba idan abin ya ƙi. Da kashin farko na hukumomi 34 ya fara kuka a Fabrairu, ba a dakata ba. A Afrilu aka ƙara sauran 67.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Hukumomi da ƙungiyoyin ma'aikata sun ce ba a shirya ba, kuma kamfanin Gartner da aka sa ya duba aikin ya nuna hatsarin da ke gaba jim kaɗan kafin a ƙaddamar. Sai dai labarin da ke isa wurin manya ya fi abin da ke ƙasa daɗin ji, domin waɗanda ke tafiyar da aikin su ne kuma ke ba da rahoto a kansa, ba tare da wani mai sa ido mai zaman kansa ba. Matashin da ke haɗa wa wani shago ko wata makaranta manhaja zai gane wannan yanayi: a taro kowa na cewa “saura kaɗan”, amma babu mai iya buɗe kwamfuta ya nuna abin yana aiki.

A 2018 wani kwamitin majalisar dattawan Kanada ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar zai kai dala biliyan 2.2 zuwa 2023. Gwamnatin ta yanke shawarar maye gurbin Phoenix da manhajar Dayforce, kuma a wannan karon gwaji aka sa a gaba.