Limaman Katolika da Fim ɗin Talabijin: Misalin Radharc

Tun kafin a buɗe gidan talabijin na ƙasar Ailan a ƙarshen shekarar 1961, Akbishop na Dablin, John Charles McQuaid, ya hango cewa wannan akwati zai shiga ɗakunan da wa'azin coci ba ya kaiwa. Saboda haka a 1959 ya aika limamansa biyu, Fada Joe Dunn da Fada Desmond Forristal, zuwa New York don su koyi sana'ar. Da suka komo sai suka kafa ƙungiyar Radharc, watau "hange" a harshen ƙasarsu, aka kuwa nuna shirinsu na farko a Janairun 1962.

Abin lura shi ne, limaman nan ba su mai da talabijin mumbari ba. Sun ɗauki kamara sun bi mutane inda suke: marasa matsuguni a titunan Dablin, da yara a gidan horo. Daga baya suka ƙetare teku. Alal misali, a 1969 sun yi fim a kan jiragen agaji da ke sauka Uli da daddare, lokacin yaƙin basasar Nijeriya.

Ra'ayinsu shi ne, gani ya kori ji. Mai kallon da ya ga yunwa da idonsa ba ya bukatar a karanta masa falalar sadaka. Kafin aikin ya tsaya a 1996, shekarar da Fada Dunn ya rasu, sun shirya finafinai fiye da 400.