Gaskiya ko Jita-jita: Maganganun da Ake Yi Kan Sokawe da Bututun Masai a Gude

Daga Gude har tsakiyar garin Mubi babu wani babban bututu na hukuma da ke bi ta ƙarƙashin titi yana karɓar ƙazantar gidaje. Irin wannan akan same shi a wasu unguwannin Abuja, inda ake tura ta zuwa matatar Wupa. A nan, duk abin da ya sauka a ban ɗaki a cikin filin gidan yake ƙarewa: ko dai ramin shadda kai tsaye, ko kuma bututun roba mai inci 4 ya kai shi tanki, ruwan da ya taso daga tankin ya wuce ramin da ƙasa ke tsotsewa. Tankin da ramin ne jama'a ke haɗawa su ce sokawe. Ke nan kowane maigida shi ne hukumar ƙazantar gidansa, ya sani ko bai sani ba. Da yake kuma aikin a binne yake, ba a tuna shi sai ya ɓaci, kowa na da abin faɗa a kansa: magini, falamba, maƙwabci, har 'yan majalisar shayi.

"Sokawen da aka gina da kyau ba ya cika har abada."

Jita-jita ce, kuma a bakin magina aka fi jin ta lokacin cinikin aiki. Abin da ke faruwa a cikin tanki shi ne, ƙazanta mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan da ke tsakani ya tsallaka ɗaki na biyu, daga nan ya fita zuwa ramin tsotsewa. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani masu cin wani kaso na abin da ya kwanta, shi ya sa tanki ke daɗewa. Amma ba sa cinye shi duka. Kowace shekara baƙar laka tana ƙara tudu, ranar da ta kai bakin bututun fita kuwa sai ta bi ruwa ta shiga ramin ta liƙe ƙofofin ƙasa. Daga nan ko an kwashe tanki, ramin ya riga ya mutu, sai dai a haƙa sabo.

A ƙa'ida ana kwashe tankin gida duk bayan shekara 3 zuwa 5, gwargwadon girmansa da yawan mutanen gidan. Gidajen hayar ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, inda aka yi tanki don iyali guda sannan aka cika ɗakuna da 'yan haya, ba za su kai haka ba. Gane lokacin kuma ba sai da na'ura ba. A samo doguwar gora, a naɗa farin tsumma a ƙarshenta kimanin mita 1, a ɗaga murfi a ja gefe har iska ta rage warin, sannan a zura gorar a hankali ta taɓa ƙasan tanki, a bar ta 'yan mintoci. In an zaro za a ga inda baƙar laka ta yi wa tsumman shaida. Idan ta kai kashi 1 cikin 3 na zurfin ruwan, a kira motar kwasa.

"Zuba gishiri, ko kananzir, ko baƙin mai, ramin zai sauka."

Ba ya sauka. Kananzir da baƙin mai suna danne wari su kori ƙuda na 'yan kwanaki, shi ne ake ɗauka magani ya ci. A ƙarƙashi kuwa sun cutar da ƙwayoyin da ke rage ƙazantar, man kuma ya shafe bangon rami ya hana ƙasa shan ruwa, wanda ya sulale ya nufi ruwan ƙasa. Buhun gishiri asarar kuɗi ce kawai. Mafi muni shi ne kabaid ɗin masu walda da wasu ke jefawa: da ya taɓa ruwa sai ya saki iskar gas mai kamawa da wuta, a cikin ramin da ke rufe. Ashana ɗaya ta isa ta ɗaga murfin siminti.

"Ƙasa tana tace komai, rijiyata ba ruwanta da masai."

Wannan rabin gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni tsoro, don rabin gaskiyar ke sa a kwanta da ido biyu rufe. Ƙasa tana tacewa, amma sai in ruwan ya bi ta cikinta a hankali, ya yi tafiya mai nisa, kuma ba a jiƙe take sharkaf ba. Ma'aunin da hukumomin agaji da na lafiya ke aiki da shi shi ne mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5. To, filin gida na yau da kullum ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato kimanin mita 15 a mita 30. Da wuya mutum ya samu wannan tazara a cikin katangarsa. Abin da ake yi shi ne kowa ya kai masai can ƙarshen fili, nesa da rijiyarsa, ba tare da ya leƙa ya ga cewa bayan katangar rijiyar maƙwabci ce ba. Kafin a kafa diga, ya kamata a yi sallama da na kusa: "Malam, ta ina rijiyarku take?"

Ƙasar yankin ma ba ta taimaka ba. Mubi a gindin duwatsun Mandara take, a wurare da dama ba a nisa da haƙa ake tarar da dutse, dutsen kuma yana da tsage-tsage. Ruwan da ya samu tsaga ba ya tacuwa, wucewa yake yi. A gefen kogin Yedzaram kuma yashi ne, da damina ta kankama wajen watan Agusta ruwan ƙasa ya taso, gindin ramuka da yawa cikin ruwa yake zama. Masu rijiyar burtsatse sukan ce tasu ta yi zurfi. Zurfi na taimakawa, amma idan ba a zuba siminti an toshe kewayen bututun daga sama ba, gurɓataccen ruwa zai bi jikin bututun ya gangara.

Kwalara hanyarta ɗaya ce, daga bayan gidan mai cutar zuwa bakin mai lafiya, galibi ta ruwa. A watan Mayun 2018 ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, cikin makonni kaɗan ɗaruruwan mutane suka kwanta, aka buɗe cibiyar jinya a Babban Asibitin Mubi. A birnin Landan ma, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun amai da gudawa da ya kashe mutum fiye da 600 har ya kai shi ga famfon rijiya guda a titin Broad. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da tsohon ramin masai dab da rijiyar yana yoyo, kuma a cikinsa aka zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne.

"A buɗe sokawe lokacin ruwan sama, ruwa zai tafi da shi."

Zai tafi da shi, gaskiya ne. Kwata za ta kai shi rafi, rafi ya kai shi Yedzaram, a hanya kuma ya leƙa kowace rijiyar da ba ta da murfi da kowane fasasshen bututun ruwan sha. Mai buɗewar ma jarkar 'yan ga-ruwa yake saya. A nan aikin duba-gari ne da masu unguwa, kuma bai kamata kunyar maƙwabtaka ta rufe bakin kowa ba. Haka masu juya ruwan indararo cikin tanki wai ya wanke shi: ruwa mai yawa yana tayar da lakar da ta kwanta ya tura ta ramin tsotsewa. Ruwan rufi a nema masa hanyarsa daban, ruwan wanka da na wanki ma gara a yi musu ɗan raminsu.

"In ya toshe, sai an fasa daɓe an sauya bututun gaba ɗaya."

Sau da yawa jita-jita ce, ko kuma gaggawar mai neman babban aiki. Falamban da ya san hannunsa ba ya fara da guduma. Cemba yake fara buɗewa, waɗannan ƙananan akwatunan siminti da ake yi a inda bututu ya karya kwana ko ya haɗu da wani. Ya ɗaga ta kusa da ban ɗaki ya tarar ta cika fal, ya matsa ta gaba ya tarar a bushe, sai ya ce, "Alhaji, matsalar tsakanin nan da nan take." In duka a cike suke har bakin tanki, to bututu ba shi da laifi, tanki ne ya cika ko rami ya daina sha. Don ya tabbatar, yakan sa yaro ya narka bula a bokiti ya juye a masai, shi yana tsugune a kan cemba yana jiran shuɗin ruwa. In ya iso da ƙarfi hanya a buɗe take, in ya zo yana ɗiga akwai abin da ya tare, in bai zo ba sam alhali masai ya sha ruwan, to wani wuri yake zurarewa cikin ƙasa. Abin da sandar da ake zurawa a bututu ke fitowa da shi kusan kullum iri ɗaya ne: ƙunzugun jarirai na zamani, audugar mata, leda, soso, wani lokaci murfin buta.

Akwai dai inda sauyawa ta zama dole. Bututu na bukatar gangara ta kusan santimita 2.5 a kowace mita. Idan an shimfiɗa shi a kwance, ko ƙasa ta lotsa ya yi ciki a tsakiya, zai riƙa toshewa a wuri guda ko sau nawa aka zura. Haka siririn bututu mai araha da aka binne sama-sama a inda mota ke takawa, ko wanda aka bari a rana har ya yi gautsi. Ko a nan ma gaɓar da ta lalace ake tonowa. A shimfiɗa yashi a ƙasa, a ɗora bututu mai kauri, sannan kafin a mayar da ƙasa a toshe ƙarshensa a cika shi da ruwa a ga ko zai ragu. Gidan da babu cemba ko ɗaya shi ne ake fasa wa daɓe da lalube. A Turai da Amurka kyamara suke zurawa su ga cikin bututu, mu cembar ce idonmu, kuma ita magini ke fara sokewa in an ce a rage kuɗi.

"Saiwar darbejiya ce ke fasa bututu."

Galibi ba ita ke farawa ba. Saiwa danshi take bi, sai ta samu mahaɗar da ba a sa wa gam sosai ba ko wata 'yar tsaga, ta shiga sirit, ta yi kauri a ciki. Sare bishiya ba ya gyara mahaɗar. Amma dasa mangwaro ko darbejiya a kan layin bututu ganganci ne.

"Iskoki ne ke kashe masu shiga rami."

Addu'ar shiga ban ɗaki tana nan daram, ba ita ake magana ba. Abin da ke kayar da mai kwasa a cikin tanki iskar gas ce. Ƙazantar da ke ruɓewa a rufaffen wuri tana fitar da gas mai kamawa da wuta wanda ke korar iskar numfashi, da kuma wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi iska nauyi, don haka a ƙasa yake taruwa. Sharrinsa shi ne idan ya yi yawa yana kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka wurin ya washe. In ya taka lakar kuwa sai ƙarin gas ya taso, numfashi kaɗan ya zube ba ko ihu. Shi ya sa irin wannan mutuwa ba ta cika zuwa ɗaya ba: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira ceto, na uku ya bi. Masu zura fitilar kwai ko kyandir don gwaji suna wasa da wuta ne, kuma ko harshen bai mutu ba, wannan bai nuna babu guba ba. Tsumma a hanci ba ya tare gas.

Don haka, mai karatu, in tankinka ya cika, nemi mota mai zuƙa da tiyo, kada ka yarda a tura ɗan wani ciki don ragin kuɗi. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi haka nan. A buɗe duk murafu, a yi kururuwar neman taimako, a kira 'yan kwana-kwana, a jawo shi da igiya ko ƙugiya daga sama, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.