Kafin ka tafi bida aikin injin yankan katako, ga abin da za a tambaye ka

Kaka ta wuce, samarin Bazaga, Ƙonni, Malbaza da Illela sun fara ɗaure kaya. Daga cikin ayyukan da ake kwaɗaita musu a Kwaddibuwa, Kamaru da Gabon akwai aikin injinan sarar katako. To, aikin nan ƙarfi kaɗai ba ya ba mutum shi. Me ake nema?

Na farko, shekaru da lafiya. Sai ka cika 18, ido na gani sarai, kunne na ji. Ka riƙe katin allurar shawara, domin ƙasashen nan uku duka suna tambayarsa.

Na biyu, sanin injin. Aikin kashi-kashi ne: akwai mai kada icce da zarto mai inji irin Stihl ko Husqvarna, akwai mai jan gungume da katafila zuwa bakin hanya, akwai direban babbar mota mai kai shi masana'anta. Direba sai da permi na manyan motoci, aji C, da E in akwai tirela. Mai zarto kuwa dole ya iya wasa haƙoran sarƙa, da haɗa fetur da baƙin mai daidai gwargwado, ya kuma san gefen da icce zai faɗi tun bai taɓa shi ba. Wanda ya yi kanikanci a gareji ko a cibiyar koyon sana'a ta CFM, ya tafi da takardar shaidarsa.

Na uku, ɗan karatu. Kowane gungume ana rubuta masa lamba, a auna tsawo da kaurinsa. Wanda ya iya lissafi da ɗan Faransanci ya riga ɗan'uwansa gaba. Tun 2010 Gabon ta hana fitar da gungume ɗanye, don haka wani aikin ya koma cikin masana'antun yanka da fere katako.

Na huɗu, kayan kariya: hular kwano, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai bakin ƙarfe, da wando mai tsayar da sarƙa. Ƙarar zarto ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in an daɗe. Ubangidan da ya ce ka shiga daji da silifa, rabu da shi.

Nan gida fa? Dokar gandun daji ta 8 ga watan Yuni 2004 tana nan. Sarar icce don sayarwa sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma gawo na cikin itatuwan da aka kare. Mallakar zarto ba izini ba ne.

'Yan'uwa da ke can, in za ku kira ƙanenku, ku gaya masa gaskiyar aikin da takardun zama da ake buƙata tun bai sayar da tunkiyar uwarsa ya yi kuɗin mota ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi lafiya.