Manoman Ostareliya da Gishirin da Ke Cin Gonakinsu

A ƙasar Ostareliya akwai wata masifa da manoma suka daɗe suna fama da ita, watau gishiri mai fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Asalin abin kuwa, da Turawa suka sare itatuwa masu dogayen saiwoyi don su shuka alkama su yi kiwon tumaki, sai ruwan saman da itatuwan nan ke shanyewa ya riƙa nutsewa yana taruwa a ƙasa. Da ya yi yawa sai ya taso, ya ɗauko gishirin da ke kwance tun zamanin da, ya fito da shi sarari. Inda ya fito, amfanin gona ba ya tsirowa.

To, abin da ya sa maganin ya yi wuya, wanda ya sare itace a kan tudu ba lalle gonarsa ce za ta lalace ba. Sau da yawa maƙwabcinsa na cikin kwari shi ke asara, shi kuwa ba shi da ikon shiga gonar wani ya dasa itace. Dole sai duk waɗanda ruwan gonakinsu ke gangarawa cikin rafi ɗaya sun haɗa kai.

Cikin 1986, a jihar Victoria, wasu mata biyu, Joan Kirner ministar kula da dazuzzuka da filaye, da Heather Mitchell shugabar ƙungiyar manoman jihar, suka fito da shirin da ake kira Landcare, watau kula da ƙasa. An kafa ƙungiyar farko a Winjallok. Aikin ya yi kama da gayya: a taru a dasa itatuwa, a kewaye gaɓar rafi da waya don kada dabbobi su rushe ta, a yaƙi zomaye. A 1989 Firayim Minista Bob Hawke ya keɓe wa shirin shekara goma, ƙungiyoyi suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai.

Amma ƙungiyar ƙauye iyakar ganinta rafinta, ga shi kuwa kogin Murray kaɗai ya shafi jiha uku. Saboda haka Victoria ta yi doka a 1994, sa'an nan a 1997 ta kafa hukumomi masu kula da yankunan koguna. A shekarar nan kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusu da kuɗin da ta samu daga sayar da wani kaso na kamfanin waya na Telstra, daga baya aka raba ƙasar duka zuwa yanki 56. Hukumar yanki ita ke auna ruwa da gishiri, ta tsara inda za a fara, ta raba kuɗi. Ƙungiya ita ta san kowace gona da halin mai ita, ita ce kuma ke iya shawo kan tsohon da ba ya jin maganar ma'aikaci.

A nan ne aka sami saɓani. Da kuɗi suka koma bi ta hannun hukumomi, manoma da yawa suka koka cewa an mai da su 'yan ƙwadago, ana yanke shawara a ofis, su kuwa sai cika takardu bayan sun wuni a gona. A ganina suna da gaskiya, ko da yake ba za a ba da kuɗin jama'a ba lissafi ba, kuma itacen da aka dasa ba bisa tsari ba yakan tashi a banza. Gyaran da Victoria ta yi daga baya shi ne biyan albashin wasu ma'aikata waɗanda ke zaune cikin ƙungiyoyin, suna rubuta musu takardun neman kuɗi, suna kuma kai kukansu gaban hukumar yanki.