Kayan Gyaran Tankin Ruwan Zafi Rufaffe: Na Kamfani ko Na Gama-gari?

A darasin kimiyya mukan koya wa ɗalibai cewa ruwa yana kumbura in ya yi zafi, kuma yana tafasa a digiri 100. Ɗalibai da yawa sukan haddace wannan domin jarrabawa kaɗai. Amma akwai wata na'ura a cikin gidaje wadda ran mutum ya rataya a kan waɗannan ƙa'idodi biyu, wato tankin ruwan zafi rufaffe, wanda ba shi da mafitar iska. A Ingila masu gyaran famfo sun daɗe suna muhawara a kan wata tambaya game da shi: in wani abu ya lalace a jikinsa, dole ne a sayi na kamfanin da ya ƙera tankin, ko kuwa na gama-gari mai araha ma ya isa? Bari mu bi maganar daki-daki.

Iri biyu na tanki

A da, yawancin gidajen Ingila suna da tankin ruwan sanyi a cikin rufin ɗaki, shi ne yake ba tankin ruwan zafi ruwa. Akwai kuma wani bututu da bakinsa yake buɗe a sama. In ruwa ya kumbura ko ya tafasa, sai ya bi wannan bututu ya fita, ba abin da zai fashe. Sai a tsakiyar shekarun 1980 doka ta yarda a riƙa sa rufaffen tanki a gidaje. Shi wannan ana haɗa shi kai tsaye da babban bututun ruwan gari, saboda haka ruwan wanka yana zubowa da ƙarfi, ba a kuwa bukatar tanki a rufi. Abin da aka rasa shi ne wancan buɗaɗɗen bututu. Aikin da yake yi kyauta, yanzu waɗansu ƙananan na'urori ne suke yinsa.

Ina haɗarin yake?

Ana auna matsin ruwa da wani awo da ake kira "bar". Tankin da aka ɗora a kan hasumiya mai tsawon mita 10 yana ba da kimanin bar 1 a ƙasa. Rufaffen tanki yakan yi aiki a wajen bar 3. A wannan matsi ruwa ba ya tafasa a digiri 100, sai ya haura digiri 140. To, in wuta ta ƙi mutuwa, ruwan zai yi ta ƙara zafi shiru, ba tururi, ba ƙara. Da zarar tankin ya tsage, matsin ya faɗi, sai wani kashi na ruwan ya rikiɗe ya zama tururi nan take. Lita ɗaya ta ruwa kuwa tana zama tururi fiye da lita 1,600. Wannan shi ne abin da yake rushe bango.

Ba tatsuniya ba ce. Ranar 19 ga Janairu, 1982, tankin ruwan zafi ya fashe a ɗakin girkin wata makarantar firamare a garin Spencer, a jihar Oklahoma ta Amurka. Yara 6 da malama ɗaya suka rasu. Bincike ya nuna cewa bawul ɗin da ya kamata ya saki ruwan ba shi da sandar nan mai jin zafi, an cire ta.

Masu gadi uku

Dokar gine-gine ta Ingila da Wales tana da wani sashe da ake kira G3. Abin da yake nema shi ne kada ruwan da ke cikin tanki ya wuce digiri 100 ko kaɗan, kuma in an saki ruwan zafi, ya fita ta inda za a gan shi ba tare da ya ƙone kowa ba. Domin haka aka sa masu gadi uku, ɗaya a bayan ɗaya.

Na fari shi ne tamostat, wato na'urar da take kashe wuta in ruwa ya kai digiri 60 zuwa 65, ta sake kunnawa in ya huce. Na biyu wani makashin wuta ne na gaggawa, wanda yake yanke wuta in zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 85. Shi ba ya komawa da kansa, sai mai gyara ya zo ya duba dalili, sa'an nan ya mayar da shi da hannu. Na uku shi ne bawul na zafi da matsi, wanda yake buɗewa a digiri 90 zuwa 95 ya zubar da ruwan zafin, ruwan sanyi ya shigo ya maye gurbinsa.

Ban da waɗannan, akwai masu lura da matsi. Akwai bawul mai rage ƙarfin ruwan gari kafin ya shiga. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai iska a ciki, wadda take karɓar ruwan da ya kumbura, gama lita 200 da aka ɗumama daga digiri 10 zuwa 60 tana ƙaruwa da fiye da lita 3. Akwai kuma bawul na kumburi, wanda yake buɗewa in wannan tukunya ta kasa. Duk ruwan da bawul ya saki yana bi ta wani buɗaɗɗen mazurari, domin mai gida ya ga ɗigon da idonsa.

Hujjar masu son na gama-gari

Masu wannan ra'ayi suna da gaskiyarsu. Kamfanonin tanki da yawa ba su suke ƙera bawul da kansu ba. Sayowa suke yi daga masu ƙera bawul, irin su Caleffi na ƙasar Italiya, su sa a kwalinsu da lambarsu. Saboda haka yakan yiwu bawul biyu su fito daga masana'anta ɗaya, amma na cikin kwalin kamfani ya fi tsada. Ga shi kuma wani lokaci kamfanin ya daina yin irin tankin, ko kuwa sai an jira kwanaki kafin kaya su iso, iyali suna zaune ba ruwan zafi a tsakiyar hunturu. Ya kamata kuma mu bambanta na gama-gari da na jabu. Na gama-gari na kirki yana da sunan maƙerinsa da shaidar gwaji a jikinsa. Na jabu kuwa sunan wani ya sata.

Hujjar masu son na kamfani

Su kuma suna cewa ba a gwada tankin shi kaɗai ba. An gwada shi ne tare da dukan na'urorinsa a matsayin abu guda, kuma lambobinsu sun dogara da juna. Alal misali, a wani tanki bawul na kumburi yana buɗewa a bar 6, na zafi da matsi a bar 7. A wani kuwa, kamar Megaflo na kamfanin Heatrae Sadia, bar 8 ne da bar 10. A ido bawul ɗin iri ɗaya ne, zarensu ma yana iya shiga daidai. Amma kama da wane ba ta wane.

Mu duba abin da zai faru in an yi kuskure. In an sa bawul mai buɗewa a matsin da ya fi ƙarfin tankin, tankin zai sha wahala kafin bawul ya motsa. In an sa mai buɗewa da wuri, zai yi ta ɗiga dare da rana, har wani ya gaji ya toshe shi, wannan kuwa shi ne mafi muni duka. In sandar jin zafi ta yi gajarta, ba za ta kai inda ruwa mafi zafi yake ba. In bawul ya yi ƙanƙanta, ba zai iya zubar da zafi da saurin da hita take zuba shi ba. Haka nan hitar da aka yi domin wani irin tanki dabam tana iya zuwa ba tare da makashin gaggawa da ya dace ba. 'Yar tukunyar iska ma iri biyu ce: akwai ta ruwan ɗumama ɗaki, yawanci ja, akwai ta ruwan sha da wanka, yawanci fara ko shuɗiya. Ba a musanya su.

Akwai kuma batun garanti. Littafin umarni na yawancin kamfanoni yana cewa a yi amfani da kayan da suka amince da su kaɗai, a kuma duba tankin kowace shekara. Wanda ya saɓa, garantinsa yana iya faɗuwa.

To, wanne za a bi?

A ganinmu, sai a raba kayan gida biyu. Abubuwan da ba su shafi tsaro ba, kamar bututu, da mahaɗai, da abin naɗe bututu domin riƙe zafi, na gama-gari mai kyau ya isa. Amma ga masu gadi uku, da bawul na matsi, da hita, a bi lambar da kamfani ya rubuta. In ba a samu ba, sai a tambayi kamfanin abin da zai maye gurbinsa, kuma sabon ya yi daidai da tsohon a zafi, da matsi, da girma, da tsawon sanda, da shaidar gwaji. Ƙwararre ne yake yanke wannan hukunci. A Ingila ma akwai horo da takardar shaida ta musamman ga masu aikin irin wannan tanki.

Maganar ta shafe mu a nan gida. Hitar lantarki da ake maƙalawa a bangon banɗaki a gidaje, da asibitoci, da masaukan baƙi, ita ma rufaffiyar tukunya ce, tana da tamostat da ƙaramin bawul a bututunta. In mun ga bawul ɗin yana zuba ba fasawa, a kashe wuta a kira mai gyara, kada a toshe shi. In tamostat ya lalace, kada a yarda a haɗa waya kai tsaye a tsallake shi, ko da na kwana ɗaya ne.

Ku ɗalibai da za ku zama injiniyoyi, da masu gyaran famfo, da masu aikin lantarki, ku saba da karanta lambobin da ke jikin abu kafin ku tambayi kuɗinsa. Wanda zai yi wanka da ruwan bai san abin da kuka ɗaura ba, amana ce ya ba ku.