Jiyya Ba Ta Ƙare Ba Sai Majiyyaci Ya Koma Bakin Aikinsa

A garuruwanmu irin su Kankiya da Kusada, idan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama magidanci, da zarar an sallame shi daga asibiti sai dangi su ɗauka an gama magani. To, amma fa mutumin da ba ya iya riƙe fartanya, ko ɗaure zariyar wandonsa, ko yin alwala sai an kama masa buta, akwai sauran aiki a kansa. Wannan saura kuwa shi ne fagen wani fanni na kiwon lafiya wanda ake kira jiyya ta hanyar aiki.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan fanni a Amurka cikin 1917, ta duniya kuma cikin 1952. A Nijeriya, Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ita ce ta kafa hukumar da ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. Bambancinsu shi ne, mai gashi yana ƙoƙarin mayar wa gaɓa ƙarfinta, shi kuwa wannan yana duba abin da mai gaɓar zai yi da ita a gida da gona da kasuwa.

Masanan fannin suna da ra'o'in da suke aiki da su. Ɗaya shi ne wanda Mary Law da abokan aikinta suka fito da shi a Kanada cikin 1996, wanda ya tsaya bisa abubuwa uku kamar duwatsun murhu, watau mutum, da muhallinsa, da aikinsa. In ɗaya ya goce, tukunya ba ta zama. Saboda haka idan hannun manomi bai koma daidai ba, sai a gyara sauran biyun: a naɗa wa ƙotar fartanya roba don ta yi kauri, a rage tsawon dokin ƙofa, ko kuwa a karkata shi ga kiwon awaki.

Na biyu shi ne na Gary Kielhofner na Amurka, wanda aka fara bugawa cikin 1980. Shi ya ce aikin ɗan Adam yana fitowa ne daga niyyarsa, da abin da ya saba yi kullum, da iyawar jikinsa. Wannan ne ke bayyana dalilin da ya sa wani yakan sami ƙarfi amma ya zauna a zaure, domin an riga an ɗauke masa matsayinsa na mai ciyar da gida.

Har ila yau, ko da yake an tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka cikin 2020, waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu. Keken guragu ba ya hawa matakala, kuma dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu cikin 2019 ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a.

Don haka ya kamata ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya su saba da tambayar majiyyaci sana'arsa kafin sallama, ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma su duba ƙofofin ofisoshinsu da na makarantu. Allah ya sa mu dace.