Daga Asmara Zuwa Masawa: Hanyar Da Ke Ƙera Zakarun Keke

Idan mutum ya bar tsakiyar Asmara da sanyin safiya ya nufi gabas a kan keke, ba zai yi nisa ba sai ƙasa ta ƙare masa. Tudun da babban birnin Iritiriya ke zaune a kai, mai tsayin sama da mita 2,300, yakan yanke ne kamar an sa masa wuƙa. Daga bakin gaɓar, a wasu watanni, gajimare kan shimfiɗu a ƙasan ƙafafun mutum kamar audugar da aka baza a tabarma, kawunan duwatsu na leƙowa ta cikinsa. Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, Masawa ce kwance a bakin Bahar Maliya.

Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 115 ne, bai ma kai Kano zuwa Zariya ba. Amma Asmara ta kusa ninka Jos a tsayi, Masawa kuwa daidai take da ruwan teku. Wanda ya fito da rigar sanyi, kafin azahar zai tsinci kansa a ɗaya daga cikin garuruwa mafiya zafi a duniya, inda a tsakiyar shekara zafi kan haura digiri 40.

Gangaren farko shi ne mai tsinka zuciya. Kwalta na nannaɗe da jikin dutse, kwana na bin kwana, a hannu ɗaya bango, a ɗaya hannun kwazazzabo mai zurfin da in aka jefa tsakuwa ba a jin faɗuwarta. A nan feda ba ta da aiki, yatsu ne ke wahala. Baƙo kan danne birki ya ƙi saki har ƙarfen taya ya ɗau zafi, hannu ya sage. Yaran Asmara kuwa sukan taɓa birki kafin su shiga kwana, su saki, su kwantar da keken, su fito kamar an harba kibiya. Kunne kan toshe ya buɗe saboda sauyin iska. Sannan hanyar ba ta mai keke kaɗai ba ce: akwai manyan motocin da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa suna nishi, akwai garken birai da ke zama a gefen titi suna jiran abin da matafiya za su jefo, da damina kuma ga yara masu tallar beles, 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya da ya rufe gangaren, suna fere shi da wuƙa nan take su miƙa wa mai saye.

Bayan kamar kilomita 25 sai Nefasit. Wanda ya ɗaga kai a nan zai hango Debre Bizen a ƙololuwar dutse, gidan ibadar Kiristocin Otodoks da aka kafa tun ƙarni na 14, wanda sai da ƙafa ake hawa, ba a kuma barin mata su shiga. Daga nan hanya ta bi ta Embatkala ta sauka Ginda, kwari mai lambunan lemo da ke samun ruwan sama a lokacin da tudu ke cikin rani. Bayan Dongolo, garin da ya yi suna da ruwan ma'adinai, duwatsu sukan ja da baya, sai fili da raƙuma da iska mai ƙona fuska. A wannan fili Dogali take, inda a watan Janairun 1887 mayaƙan Habasha ƙarƙashin Ras Alula suka murƙushe wata rundunar Italiya.

Ba don keke aka yi hanyar ba. Italiya ta ayyana Iritiriya a matsayin ƙasar mulkin mallakarta a 1890, ta kuma buƙaci abin da zai haɗa tashar ruwa da tudu. Layin dogo ya isa Asmara a 1911, yana kutsawa ta ramukan da aka fafe cikin duwatsu, har yau mai keke na ganin gadojinsa suna ratsa kwaruruka. Titin kuma an faɗaɗa shi ne a tsakiyar shekarun 1930, lokacin da Mussolini ke jigilar sojoji da makamai don mamaye Habasha. A 1937 har igiyar ƙarfe mai ɗaukar kaya ta sama aka ja, mai tsawon sama da kilomita 70, wadda Turawan Ingila suka kwance bayan sun karɓe ƙasar a 1941.

Keke ma tare da Italiyawan ya shigo, shi ya sa a harshen Tigirinya ake kiransa bishkleta. Da farko tsere nasu ne su kaɗai, ɗan ƙasa sai kallo daga gefe. Har gobe mutanen Asmara na ambaton Ghebremariam Ghebru, wanda a 1939 ya shiga tsere da Turawan ya kuma riga su isa. An fara gasar zagaye ƙasar a 1946, ta mutu, aka farfaɗo da ita a 2001, shekara goma bayan ƙarewar yaƙin neman 'yanci. Abin da mai mulkin mallaka ya shimfiɗa don tankokinsa, jikokin waɗanda suka fasa duwatsun ne suka mayar da shi makaranta, kuma wannan abin a jinjina musu ne.

Darasin makarantar yana wajen dawowa. Sauka kowa ma ya iya, in yana da ƙarfin hali. Amma daga Ginda zuwa Asmara hawa ne na sama da kilomita 40, kusan ba wurin hutawa, kuma duk taku iska na ƙara sirancewa. A tsayin Asmara, iskar da mutum ke shaƙa a numfashi guda ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na wadda zai samu a bakin teku ba. Jikin da ya tashi a haka yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar oksijin. Manyan ƙungiyoyin Turai kuɗi suke zubawa don kai 'yan wasansu sansanin horo a tsaunukan Sifen. Yaron Asmara kuwa a irin wannan tsayi aka yanke masa cibiya.

Sakamakon bai ɓuya ba. Tun daga 2010 Iritiriya ta yi shekaru a jere tana lashe tseren ƙungiya a gasar Afirka. A 2015 Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus suka shiga Tour de France, Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse, fara mai ɗigon ja, har kwana huɗu. Sai Biniam Girmay, haifaffen Asmara a 2000. A watan Maris na 2022 ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam, a watan Mayu ya ci zango guda a Giro d'Italia, duk da murfin kwalbar murna ya buge shi a ido ya tilasta masa janyewa. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi gida da koriyar rigar wanda ya fi tara maki. Nasararsa ta farko a gasar a Turin ta zo, birnin da ya fara zama hedikwatar haɗaɗɗiyar Italiya.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba. Baƙon da ke son bin wannan hanya sai ya nemi takardar izinin fita daga Asmara. Matasan ƙasar na ƙarƙashin aikin bautar ƙasa marar wa'adi, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha suka, wanda kuma ya kori dubbai zuwa gudun hijira. Waɗanda suka yi fice a keke su ma suna fama da neman bizar Turai da tsadar kayan gyara. Abin takaici ne a ce yaro ya ci hawan Nefasit amma takarda ta kayar da shi.

Wanda ya jure zafin fili ya isa Masawa zai tarar da tankokin yaƙi uku a kan dandamali, tunawa da ƙwace garin a yaƙin neman 'yanci a watan Fabrairun 1990, sannan gadar ƙasa ta kai shi tsohon gari mai gine-ginen dutsen murjani. Bakin tekun nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mutanen garin na riƙe da cewa a nan Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha suka sauka, akwai ma ɗan ƙaramin masallaci mai sunansu a cikin harabar tashar. Wasu daga cikin alhazan ƙasar Hausa da suka ratso Sudan da ƙafa ta nan suka nemi jirgin ƙetarawa Jidda, waɗanda guzuri ya yanke wa kuma suka zauna, zuriyarsu na nan a ƙasar. Masu keke sukan jingine kekunansu a inuwa, su ci gasasshen kifi, su cika gorunan ruwa, su kwanta da wuri, don masu niyyar komawa Asmara da ƙafafunsu tun kafin asuba suke kama hanya, ko za su kai gindin duwatsu rana ba ta yi ƙarfi ba.